Littattafan tarihin yaƙi na cikin na'ura: shin tsadarsu ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta wani abu a kan yaƙi, ɗalibi ne mai haɗa kundin kammala digiri, ɗan jarida ne, ko hafsan soja mai shirin jarrabawar ƙarin girma, ya san inda gizo ke saƙar. Labari dai ga shi nan birjik a bakin mutane, amma da zarar an ce kawo rana, kawo adadi, kawo sunan bataliyar da ta yi faɗan, sai a shiga kame-kame. A nan ne ake komawa ga manyan littattafan madogara, waɗanda ba a karanta su daga farko zuwa ƙarshe kamar labari, sai dai a buɗe a ɗauki abin da ake nema a rufe.

A da irin waɗannan littattafai sai a manyan ɗakunan karatu na Turai ake ganinsu jere a kan kanta. Yanzu kamfanonin da ke buga su sun zuba su cikin na'ura, suna tallarsu a intanet: ka biya da kati, cikin minti kaɗan littafi mai shafi dubu ya shigo wayarka ko kwamfutarka. Sai dai farashin ba na wasa ba ne. A ce an yi wa littafi kuɗi Yuro 300. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ka ga kusan jika 197 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin sama da wata huɗu da rabi bai ci bai sha ba kafin ya mallaki littafi guda.

To, abin tambaya shi ne: in mutum ya daure ya fitar da wannan kuɗi, me yake samu a hannu? Kuma abin da ya samu ɗin, babu wata hanyar samunsa da ta fi sauƙi?

Kayan kasuwar ba iri ɗaya ba ne

Kafin a ce a saya ko kar a saya, sai an rarrabe kayan, don abu uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Na farko su ne kundayen da ke bin diddigin ƙarfin sojan ƙasashe a yau. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a cikinsu shi ne na kamfanin Janes na Ingila. Wani mai zane kuma marubuci, Fred T. Jane, shi ya fara fitar da littafin jiragen ruwan yaƙi na duniya a 1898, aka bi shi da na jiragen sama a 1909. Yau kamfanin ya fi samun kuɗinsa daga rumbun bayanai na intanet, kuma don a gane girman harkar, a 2019 an sayar da shi a kan dalar Amurka miliyan 470. Akwai kuma The Military Balance, wanda cibiyar IISS ta Landan ke fitarwa kowace shekara tun 1959, yana lissafa yawan sojoji, tankoki, jirage da kasafin kuɗin tsaro na ƙasashe sama da 170, har da Nijar, Chadi, Kamaru da Ghana. Irin waɗannan rumbuna galibi ba a ma liƙa farashinsu a fili. Sai ka rubuta musu, su dubi girman ma'aikatarka su yanka maka kuɗin shekara, abin da muke cewa abonma.

Na biyu su ne ƙamusoshi da kundayen ilimi da malaman jami'a suka haɗu suka rubuta. Misali The Oxford Companion to Military History da Richard Holmes ya jagoranta, wanda ya fito a 2001, ko The Encyclopedia of War mai juzu'i biyar da Gordon Martel ya tace. Su ma suna cikin rumbunan kamfanonin da suka buga su, ana shiga da kalmar sirri.

Na uku su ne tsofaffin tarihohin hukuma da jerin sunayen mamata, waɗanda gwamnatocin Turai suka buga bayan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Kamfanoni masu zaman kansu sun ɗauki hoton shafukansu, suka zuba a faifan CD ko a shafin intanet, suna sayarwa. A wannan rukunin ne mai saye ya fi bukatar buɗe ido, don sau da yawa abin da ake sayar masa yana can wani wuri kyauta.

Abin da na'ura ta fi takarda

Gaskiya ɗaya ce, bugun na'ura yana da amfanin da ba mai musunsa, kuma babbansu shi ne saurin nema. Ɗauki littafin da ake kira Soldiers Died in the Great War. Gwamnatin Birtaniya ta buga shi a 1921 cikin kashi 80, galibi kowane kashi na runduna guda, ban da na hafsoshi da ya riga shi fitowa a 1919. Sunayen da ke cikin su biyun sun haura 700,000. In ba ka san rundunar da mutum ya yi aiki a cikinta ba, to sai ka bi kashi 80 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da kamfanin Naval & Military Press ya zuba shi a faifan CD a 1998, aikin da kan ci makonni ya koma na daƙiƙu. Har ma aka samu damar yin tambayar da takarda ba ta iya amsawa: mutum nawa ƴan gari kaza suka mutu a rana kaza? Masu bincike a Ingila sun biya kuɗi mai tsoka a lokacin, kuma ba su yi asara ba, don babu wata hanyar.

A wajenmu akwai ƙarin dalili. Littafi mai nauyin kilo uku, kafin ya baro Paris ko Landan ya iso Yamai ko Damagaram, kuɗin aikowa kaɗai kan kusa kamo kuɗin littafin. In ya iso kuma ga gara, ga ƙurar hunturu, ga ɗigar ɗaki da damina. Littafin da ke cikin waya bai san wannan ba. Malami zai iya tafiya da kanta guda ta littattafai a aljihunsa daga Maraɗi zuwa Agadas.

Sai batun sabuntawa. Kundin da ke lissafa makaman ƙasashe yana tsufa da wuri. Jirgin da aka ce ƙasa tana da shi bara, bana ya faɗi ko an jingine shi babu kayan gyara. Rumbun intanet ana gyara shi a kai a kai, bugun takarda kuwa sai shekara ta zagayo. Ga wanda aikinsa ya rataya a kan adadin yau, wannan kaɗai ya isa dalili.

Saye ne ko aro?

Inda matsalar take shi ne kalmar "saye" ɗin kanta. In ka sayi littafin takarda a kasuwa, naka ne: ka ara wa aboki, ka sayar in ka matsu, ka bar wa ƴaƴanka gado. Yawancin littattafan na'ura masu tsada kuwa izinin karantawa kawai ake sayar maka, kuma mai ba da izini yana iya janye abinsa.

An ga haka ƙarara a watan Yulin 2009, lokacin da Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka biya, saboda rikicin haƙƙin mallaka. An mayar musu da kuɗinsu, amma mutane sun gane cewa littafin da ke hannunsu ba a hannunsu yake ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk abin da aka saya a can ya daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. Abin ya kai jihar Kaliforniya ta Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ke tilasta wa masu sayar da kayan na'ura su faɗa wa mai saye a fili in lasisi ne kawai yake karɓa. Bahaushe ya riga ya faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Shi kuwa abonma, lamarinsa ya fi sauƙin ganewa: ranar da ka daina biya, ranar ƙofa ke rufewa. Ka shekara biyar kana zuba kuɗi, in ka gaza a ta shida, ba ka da ko shafi ɗaya da za ka nuna.

Faifan CD ma da ake ganin kamar shi mallaka ne na dindindin, yana da tasa cutar. Manhajar da aka rubuta don kwamfutocin shekarun 1990 ba lallai ta buɗe a na yau ba, kuma yawancin ƙananan kwamfutocin da ake sayarwa yanzu ba su da ma wurin sa faifai. Waɗanda suka yi zamani da Encarta, kundin ilimin Microsoft da ya yi tashe a makarantu da shagunan intanet, sun san yadda aka dakatar da shi a 2009. A ɗaya gefen, wanda ya sayi bugun takarda na ƙarshe na Encyclopaedia Britannica, juzu'i 32 a kan dalar Amurka 1,395, kafin kamfanin ya daina bugawa a 2012, har gobe littattafansa suna buɗuwa ba tare da neman izinin kowa ba.

Ƙara da halin da muke ciki. Rumbun da sai da intanet ake shigarsa, amfaninsa ya dogara ga wuta da ƙarfin layi da kuɗin data. Wasu ma ba sa barin ka sauke fiye da ƴan shafuka. Ɗalibin da ke ƙauye lokacin hutu, ko sojan da ke bakin aiki a daji, ya biya kuɗin abin da ba zai iya buɗewa ba a lokacin da ya fi bukatarsa.

Abin da ke zube kyauta

Abin da masu talla ba za su gaya maka ba shi ne, wani babban kaso na tarihin yaƙe-yaƙen da suka shafi yankinmu yana intanet, ko dala ba a biya.

Fara da Faransa. Tarihin hukuma na sojanta a yaƙin duniya na ɗaya, Les Armées françaises dans la Grande Guerre, littafi 107 ne da aka buga tsakanin 1922 da 1939, kuma akwai ɓangaren da ya shafi yaƙin Kamaru da Togo. Yau yana buɗe a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa. Shafin, wanda aka buɗe a 2003, yana ɗauke da katunan mutum sama da miliyan 1.3 da suka mutu a wannan yaƙi a ƙarƙashin tutar Faransa, cikinsu har da sojojin Afirka da ake kira tirayar. Tun 2008 kuma aka ƙara da littattafan da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen fama. A Gallica, ɗakin karatun intanet na ƙasar Faransa, da kuma Internet Archive, ana samun littattafan da Turawan mamaya suka rubuta da hannunsu, kamar na Émile Gentil na 1902 a kan faɗuwar daular Rabeh, wanda aka kashe a yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900.

A ɓangaren Ingilishi ma haka abin yake. Sojojin rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, su suka yi yaƙin Togo a watan Agustan 1914, da na Kamaru, inda Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, dutsen Mora kuma ya riƙe har Fabrairun 1916. Littafin Hugh Clifford na 1920 a kan sojojin Gold Coast, wato Ghana ta yau, a yaƙin Afirka ta Gabas, da na W. D. Downes na 1919 a kan sojojin Najeriya a can, duk sun daɗe da fita daga ƙangin haƙƙin mallaka, kowa na iya saukewa.

Amurka ta saki tarihin hukuma na sojanta a yaƙin duniya na biyu, kusan juzu'i 80, kyauta a shafin cibiyar tarihin sojanta. Jami'ar Freie ta birnin Berlin ta jagoranci wani kundin ilimi na yaƙin duniya na ɗaya mai suna 1914-1918-online, da aka buɗe a 2014, wanda ƙwararrun malamai suka rubuta, aka tace, kuma ba a biyan komai. Mai neman adadin kuɗin da ƙasashe ke kashewa a kan soja, ko wace ƙasa ta sayar wa wace makamai tun daga 1950, cibiyar SIPRI ta Stockholm ta buɗe rumbunanta ga kowa. Ga ɗan jaridar da ke son sanin daga ina jiragen yaƙin wata ƙasa ta Sahel suka fito, sau da yawa wannan ya wadatar.

Saboda haka kafin mutum ya ciro kati, ya fara rubuta sunan littafin a waɗannan wurare. In an buga shi kafin 1930, akwai kyakkyawan zaton yana nan. Abin da kamfani ke ƙara masa bai wuce tsabtar hoto da saurin nema ba. Wani lokaci wannan ƙarin ya cancanci kuɗi, musamman in bugun kyautar ya bar taswirori a naɗe ba a ɗauki hotonsu ba, abin da ke yawan faruwa. Amma ya kamata mutum ya san ƙarin yake saye, ba littafin ba.

Ina sunayen kakanninmu?

Akwai wata tambaya da ta fi ta kuɗi nauyi. Mai karatu a Tawa ko Kumasi ko Garwa da ke neman sunan kakansa da aka ɗauka soja, shin zai same shi a cikin waɗannan kundaye masu tsada?

Shi Soldiers Died in the Great War da aka ambata, an tsara shi ne bisa rundunonin sojan Birtaniya na gida. Baturen hafsan da aka turo ya jagoranci sojojin Afirka yana cikin na hafsoshi, amma sojojin da ya jagoranta ba a nan za ka gan su ba. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, wadda rumbunta na sunaye miliyan 1.7 kyauta ne, ita da kanta ta fitar da rahoto a watan Afrilun 2021 tana amsa laifi. Rahoton ya ce aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu ƴan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunansu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Sunan da ba a rubuta ba a 1920, babu kuɗin da zai fito da shi daga na'ura a yau.

Inda aka rubuta ɗin ma, sai an yi da gaske. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, irin su Musa Kano ko Audu Katsina. Sojan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo, an rubuta shi Alhaji Grunshi, kuma Grunshi sunan ƙabila ne. Bafaranshe ya rubuta Garoua, Bajamushe da Baturen Ingila su rubuta Garua. Kawusan, wanda ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa farkon Maris na 1917, za ka gan shi Kaocen a nan, Kaoussen a can, Kaossen a wani wurin. Na'ura kuwa abin da ka rubuta mata kawai take nema. In ba ka san duk waɗannan rubuce-rubucen ba, sai ta ce maka babu, alhali yana nan. Saurin neman da ka biya kuɗi dominsa sai ya zama bai yi maka aikin da yake yi wa ɗan Ingila mai neman kakansa ba.

Sannan tsadar littafi ba ta sa abin da ke cikinsa ya zama gaskiya. Tarihin hukuma, hukuma ce ta rubuta shi. Kisan da aka yi wa tirayar a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disambar 1944, lokacin da suka nemi haƙƙinsu bayan dawowa daga yaƙi, rahotannin soja na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba François Hollande ya ambaci aƙalla 70, wasu masana tarihi kuma suna maganar ɗaruruwa. Sai a ƙarshen 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Wanda ya kwafi adadin farko daga wani kundi, komai kyan bugunsa, ya kwafi abin da masu harbin suka faɗa ne. Haka labarin ɓarnar da ayarin Voulet da Chanoine suka yi a Lugu da Birnin Ƙonni a 1899 yake: takardun Faransa suna da nasu, jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna da nasu, kuma mai bincike na gari sai ya ji duka biyun.

Yaƙe-yaƙen da aka yi kafin zuwan Turawa kuwa, su Tabkin Kwatto na 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gawakuke na 1836, ko igwogin da aka ƙera a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, in ka same su a manyan kundayen Turai bai wuce layi biyu ko uku ba. Mai son su sai ya nemi littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan dabarun yaƙi a daular Sakkwato, da rubuce-rubucen André Salifou a kan Damagaram da Kawusan, da na Djibo Hamani a kan Adar da Abzin, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sai kuma rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da muryoyin dattawa da cibiyar CELHTO ta Yamai ta naɗa. Kuɗin littafin na'ura ɗaya mai tsada ya isa ya sayi da yawa daga cikin waɗannan littattafai, har a samu ragowar kuɗin mota zuwa gidan adana takardun tarihi.

To wa ya kamata ya saya?

Rumbunan da ke bin ƙarfin soja na yau, irin su Janes da The Military Balance, an gina su ne don ma'aikatu: hedikwatar tsaro, makarantar horar da hafsoshi, cibiyar nazari, babban gidan jarida. A can kuɗin yana da ma'ana, don mutum hamsin ko ɗari za su ci moriyar abonma ɗaya, kuma kuskuren adadi yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin rumbun. Mutum ɗaya ya ɗauki wannan nauyi daga aljihunsa, ba hikima ba ce, sai in da shi yake cin abinci kuma aikin yana mayar masa da kuɗinsa.

Kundayen jami'a ma aikin ɗakin karatu ne. Jami'o'inmu na da ƙofofin da ba kowa ya san da su ba. Rumbun mujallun ilimi na JSTOR ya sassauta wa cibiyoyin Afirka kuɗin shiga tun 2006, kuma ko kai kaɗai ne, in ka yi rajista kana iya karanta maƙala 100 a wata kyauta. Shirin Research4Life yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin su Nijar da Chadi dubban littattafai da mujallu ba tare da biya ba, ko da yake ya fi ƙarfi a fannin lafiya, noma da shari'a. Masu rubutu a Wikipedia, har da ta Hausa, in asusunsu ya kai wata shida kuma sun yi gyara 500, suna samun shiga rumbunan manyan kamfanonin buga littattafai ta ɗakin karatun Wikipedia. Ɗalibi ya fara tambayar mai kula da ɗakin karatun makarantarsu kafin ya taɓa kuɗin da iyayensa suka aiko.

In kuwa duk an duba babu, kuma aikin ba zai yiwu ba sai da littafin, to a yi ciniki da ido buɗe, don ba a cinikin biri a sama. A tambaya: bayan na biya, zan iya sauke shi gaba ɗaya in ajiye a filashi, in buɗe ba tare da intanet ba? Yana buɗuwa a kowace na'ura, ko sai da manhajar kamfanin? Lambobin shafinsa sun yi daidai da na bugun takarda, yadda zan iya kafa hujja da shi a kundina? Taswirorin suna ciki, kuma ana iya faɗaɗa su a karanta sunayen garuruwa? Kamfanoni da yawa suna ba da gwaji na ƴan kwanaki ko su nuna jerin abubuwan da ke ciki. A yi amfani da wannan damar a rubuta Zinder, Agadez, Dikwa, Mora, Kaladan, a ga abin da zai fito. In sunayen da kake aiki a kansu ba su fito ba, ka huta da kuɗinka.

Akwai kuma tsohon bugu. Kundin ƙarfin soja na shekara biyar da suka wuce ba ya da amfani ga mai tsara tsaron gobe, amma ga mai rubuta tarihin shekara biyar da suka wuce shi ne daidai, kuma ƴan gwanjon littattafai na sayar da shi a kan kaɗan daga farashinsa na farko. Su kuwa kwafin sata da ke yawo a WhatsApp da Telegram, ban da haƙƙin masu shi da ke kan mai ɗauka, sau da yawa shafuka sun ɓace, ba a san ko bugu na nawa ba ne, wani ma da ƙwayar cutar kwamfuta yake zuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani abin da ya rage ga hukumomi da masu hannu da shuni shi ne inda za a zuba ɗan kuɗin da ake da shi. Takardun mulkin mallaka da suka shafi Nijar suna warwatse tsakanin Yamai, Dakar, Aix-en-Provence da Vincennes. Tsofaffin sojojin da suka je Burma a runduna ta 81 da ta 82, waɗanda saboda su ake da barikin Burma a Accra da na Kaladan a Tamale, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, haka ma takwarorinsu da suka bi Leclerc daga Chadi zuwa Kufra a 1941. Littattafan sallamarsu, lambobin yabonsu da hotunansu suna cikin akwatunan ƴaƴa da jikoki, gara na ci. Kuɗin abonma na shekara guda a wani babban rumbun Turai zai iya sayen na'urar ɗaukar hoton takardu, ya biya ɗalibai kaɗan su bi gida-gida a Dosso, Damagaram ko zangon Kumasi su tattara su, tun kafin damina ta gaba ta ƙarasa abin da ya saura.